Gurbi Bayan Gurbi

A Shomolu, bayan masu sayar da takarda,
inda injin bugu ke tari tun asuba,
shagonmu taku uku ne da rabi,
kwamfuta biyu, fanka ɗaya mai gurnani.
Nan nake buga jarrabawar lissafi
ta wata makaranta a Bariga
wadda ban taɓa ganin ƙofarta ba.

In na kira kashi, layi ya fito a kwance,
ɗan akwati a sama, ɗan akwati a ƙasa,
duk fanko, sun zuba mini ido
kamar farantan da aka jera kafin a sauke tukunya.
Da linzami nake bin su a da,
in kai hannu, in nuna, in danna, in dawo.
Kafin shafi ya cika la'asar ta yi,
Oga Bamidele na tsaye a kaina, yana duba agogo.

Malam Barau ne ya raba ni da linzamin.
Shekara talatin ya yi a Ebute Meta
yana tsintar haruffan dalma da yatsa,
har yau baƙin bai bar farcensa ba.
Ya ce, "Uwani, hannunki ya cika yawo
kamar kwandastan danfo a Oshodi.
Zaunar da shi. Ga Tab gefen ƙaramin yatsa.
Taɓa sau ɗaya, kin faɗa gurbi na gaba.
Danne Shif ki taɓa, kin koma baya.
In kin gama, kibiyar dama za ta fitar da ke."

Bakwai. Tab. Goma sha biyu. Kibiya.
Sai na ji kamar an buɗe gadar teku
ranar Lahadi da sassafe, babu kowa sai ni.

Amma gudu ma yana da nasa bashin.
Daren Alhamis wuta ta ɗauke,
janareta na shaƙewa, sauro na cin ƙafata,
yatsa ya zame, ya taɓa sau biyu.
Tambaya ta tara ta tafi da sama a cike,
ƙasanta babu komai.
Kwafi ɗari huɗu.
Shif da Tab ba sa kaiwa Bariga,
ba sa dawo da tawadar da ta bushe.
Oga ya cire dubu shida a albashina,
bai ko ɗaga murya ba.

Bayan mako malamar ta zo da takarda ɗaya.
Wani yaro, Segun, ɗan aji biyu,
ya ga akwatin da na bari
ya zana masa kifi a ciki,
har da ido, har da kumfa uku a bakinsa.
Ta ce ta rasa makin da za ta ba shi.

Malam Barau ya daɗe yana kallon kifin.
"A zamaninmu," in ji shi,
"ko fili sai ka sa masa ƙarfe,
ka ji nauyinsa a tafin hannu."

Na manna takardar jikin bango, saman fanka.
Yanzu in na taɓa Tab ina ƙirgawa a zuci,
ɗaya, ɗaya,
kifin kuma na kaɗa wutsiya duk sa'ad da iska ta juyo.