Ɗoriya

Daga Moffat muka fito da sassafe,
yayyafi na bin mu kamar mai bin bashi.
Tumaki a kan tudu suka dube mu,
ko motsi ba su yi ba.

A kwazazzabon Dob's Linn
Malama Elspeth ta durƙusa, gwiwa cikin ruwa.
Ta ɗauki baƙin dutse, ta ba shi guduma ɗaya,
ya rabe biyu kamar goro.
Ga zane a ciki, siriri, mai haƙoran zarto,
kamar yaro ne ya ja da alli ya gudu.
Ta ce halitta ce, ta yi yawo a teku
tun ƙasa ba ta san inuwar itace ba.

Ta ɗora yatsa a jikin gangare.
Ƙasa da nan, wani zamani.
Sama da nan, wani.
Na duba, na goge tabarau, na sake dubawa:
baƙi a ƙasa, baƙi a sama.
Na ce, ina iyakar?
Ta ce, ai ba katanga aka gina ba.
Inda irin wannan zanen ya fara ɓullowa,
nan masana suka sha gardama
har suka yarda a kafa turke.

Sai na tuna Iya Tabawa,
wadda ba ta taɓa riƙe takardar haihuwa ba.
Tambaye ta shekarun kawu Barmo, ta ce:
bayan shekarar fara,
kafin rijiyar gabas ta rufta.
Ba ta taɓa kuskuren wa ya girmi wa ba.

Lissafin kuwa yana cikin wani farin layi,
tokar aman wuta da ta kwanta tsakanin baƙaƙe.
A cikinta akwai ƙwayoyi, ba su kai tsabar yashi ba,
inda yuraniyom ke rikiɗa dalma,
ba gaggawa, ba hutu.
A auna wanda ya saura, a auna wanda ya juya:
shekara miliyan ɗari huɗu da arba'in,
da ɗoriya.

Ɗoriya!
Ita kaɗai ta haɗiye Iya, da kakar Iya,
da duk wanda ya taɓa hura wuta.

Yatsuna sun ƙage don sanyi.
Ta miƙo min littafin aiki ta ce, sa kwanan wata.
Na tsaya, alƙalami a hannu.
Malama, yau nawa ga wata?