Ranar da Aka Auna Mai Awo

Shekara ashirin da shida ina ɗinki a Fagge,
tef a wuyana kamar carbi.
Na auna ango, na auna uban ango,
na auna wanda har yau bai biya ba.
Ni kuwa ba wanda ya taɓa auna ni.

Sai ran Talata jiri ya ɗebe ni
a bakin Kantin Kwari, da bandir ɗin shadda a kafaɗa.

Sista Ladidi ta ce, "Cire takalmi, hau."
Allurar sikeli ta yi rawa, ta tsaya a casa'in.
Ta jingina ni da bango kamar mai laifi:
mita ɗaya da ɗigo bakwai, ban da hula.
Na ce a haɗa da hular mana. Ko murmushi.

Ta ninka tsawona da tsawona,
ta raba nauyina da abin da ya fito,
ta juyo min da fuskar waya: talatin da ɗaya.
"Daga sha takwas da rabi zuwa ashirin da biyar, nan ne inuwa.
Kai ka fita rana, Malam Tanimu."

Na ce, a garin nan ai tumbi shaida ne.
Ka rame, a ce bashi ya kama ka;
ka cika riga, a ce uwargida ta iya tukunya.
Ga Sallau ɗan dako a Singa, gajere, jiki kamar turmi,
buhun sukari a ka yana amsa waya.
Ɗora shi nan ki gani, sai ya fi ni lamba.

Ta ce, "Gaskiyarka. Lamba ba ta bambance tsoka da kitse.
Sallama take yi a zaure, ba ta shiga ɗaki.
Ara min abin wuyanka."

Da tef ɗina, jama'a. Nawa!
Ta zagaye cibiyata: inci arba'in da huɗu.
Ni da nake yanka wa kaina arba'in,
ina sassauta zariya, ina zagin yadi.

Da dare na buɗe tsohon littafin awo.
Alhaji Gambo: talatin da shida, talatin da tara,
arba'in da uku, arba'in da bakwai,
sai jan layi, shekarar da ciwon sukari ya ci ƙafarsa.
Ɗan'asabe mai gwanjo, shafi huɗu yana hawa,
hawan jini ya sauke shi ana tsaka da alwala.
Kowace Sallah ni ke rubuta ƙarin da hannuna,
ina cewa, "Alhaji, an ƙara lafiya!"

Yanzu malmala biyu ta koma ɗaya.
Gurasa da balangu sai Juma'a,
lemon kwalba mun yi hannun riga.
Ina takawa a ƙasa har Ƙofar Mazugal,
'yan adaidaita suna min hon, ina musu kurma.

Jiya wani ya kawo yadi, na zagaye cikinsa,
na ce, "Ranka ya daɗe, ka ƙara inci uku daga bara,
da ka leƙa asibiti."
Ya naɗe kayansa, ya tsallaka shagon Ilu.