Ƙafar Hagun Shahla

Kunnena ne ya fara ji.
Da asuba, a kan tsakuwar Hawiyya, nan bayan Ɗa'ifa,
kofato huɗu sun saba magana da baki ɗaya.
Ran nan uku suka yi magana,
na huɗu ya sassauta murya.

Na ce wa maigida Mishari, goɗiyar nan tana ɓoye wani abu.
Ya ce, Zubairu, kai ko inuwa ce ta karkace
sai ka ce ɗingishi take.

Na shafa daga gwiwa har ƙasa, ba zafi, ba kumburi.
Na gasa, na ɗaure, na kwarara ruwan sanyi.
Maƙeri ya matse kofaton da awartaki,
Shahla ta dube shi
kamar wanda ya zo bin bashin da ba ta ci ba.
Amma da ta ɗauki sassarfa
sai kai ya ɗaga
duk sanda ƙafar hagu ta gaba ta taɓa ƙasa.
Hoton ƙashi na farko ya fito fes.
Sati uku ina zama maƙaryaci a barga.

Sai aka kai mu wurin Dakta Lujain.
Ta ce a ɓamɓare takalmin ƙarfe, kada ƙusa ɗaya ta rage,
ɗakin nan maganaɗisu ne ke mulki.
Ni ma aka tuɓe ni:
bel, makullai, waya,
har zoben da kakana ya shigo da shi ƙasar nan,
shi da ya tako daga Kazaure shekara bakwai
ba wanda ya taɓa leƙa masa cikin ƙafa.

Allura ɗaya a wuya.
Shahla ta yi gyangyaɗi a tsaye,
leɓenta ya saki, haɓarta ta sami kafaɗata.
Aka zura kofaton tsakanin muƙamuƙan na'ura.
Ta fara ƙwanƙwasa, ta tsaya, ta sake,
kamar baƙon da ya san akwai mutum a ciki.
In goɗiya ta motsa, a koma farko.
Sau biyu muka koma.
Kafaɗata ta mutu, ban janye ba.

Bayan la'asar aka kira mu gaban allo.
Ga ƙafar da na wanke shekara biyar
an yayyanka ta siriri-siriri kamar kuɓewa,
ba wuƙa, ba ɗigon jini.
Likita ta bi yanka bayan yanka da kan biro
har ta isa wani ɗan ƙashi mai siffar kwalekwale,
can ƙarƙashin kofato, inda hannu ba ya zuwa.
Cikinsa wani fari, bai kai ƙwayar dawa ba.
Ta ce ruwa ne ya taru a ƙashin,
jijiyar da ke goga shi kuma ta fara zarewa.

Wata shida, in ji ta. Ba sukuwa bana.
Mishari ya juya carbi, ya juya,
na ga yana lissafin riyal ne da shi.
Can ya ce, a yi mata takalmin da aka ce.
Bai dube ni ba.

Dakta ce ta tambaya, yaushe ka sani?
Na ce tun ranar Laraba ta farkon zafi.
Da me?
Na nuna kunne.
Ta rubuta wani abu a takarda, ban san mene ne ba.

Yanzu minti goma muke yi kowace safiya,
ni da ita, a kan rairayi mai laushi,
iskar dutse na kawo ƙanshin gonakin wardi.
Ina ƙirga sawunta.
Jiya, wajen juyawa, ta karkato kunne baya,
wajen gwiwata ta dama,
wadda ban gaya wa kowa ba.