Abin da Ganye Ya Faɗa

Sandar rogon da na dasa a bayan gida
ba jikar ta kakata ba ce, ita ce da kanta.
A sara, a soke a kunya, baɗi a sake sarawa,
shekara sittin itace guda yana yawo a hannunmu,
da daɗinsa da cutarsa, bai yar da ko ɗaya a hanya ba.

Shekarar da citta ta ruɓe mana a Kaciya
rogo muka zuba wa ido.
Sai ga ganye ya ƙudundune kamar leda a bakin murhu,
nan rawaya, nan kore.
Na tone gindi bakwai, ban cika ƙwarya ba.

Ana haka Rifkatu 'yar Dogara ta sauko daga acaɓa,
yarinyar da nake goyawa in uwarta ta tafi niƙa.
Ga 'yan kwalabe kamar yatsun jariri,
ta bi kunya tana tsinkar ganye,
abin da take cira bai kai farce ba.

Ta ce, "Gwaggo Tambai, akwai rubutu a ciki."
Na ɗaga wa rana, jijiya kawai na gani.
Ta ce haruffa huɗu ne kacal, ana ta jujjuya su,
idon sauro ma ƙato ne a kansu.
Can aka ajiye wa zai jure, wa zai kwanta,
na'ura ta karanta cikin 'yan kwanaki,
ba sai an jira wata goma sha biyu ba.

Ta ja hannuna ta nuna mini furen rogo.
Ni da na yi furfura a cikinsa
ban taɓa tsayawa na dube shi ba.

Wai da hannu suke kai garin wannan fure ga wancan,
su ɗaure da 'yar jakar yadi.
'Ya'ya dubu su tsiro, tun suna tsawon taƙi
ganye ya tona asirin kowa.
A ware ɗari, a ware goma.
"Zaɓen iri ne irin naku, Gwaggo, ba tsafi ba."

Damina biyu, ta dawo da sanduna, kowace da lamba a wuya.
Ta goma sha bakwai ta yi ganye shar,
saiwa kamar cinyar ɗan kokawa,
Ishaku ya karya ƙota wajen tono.
Maza suka yi ta tafi. Ni na ɗora tukunya.
Na ƙone ice ɗauri guda, jikoki suka yi barci a tsugune,
rogo yana nan ƙiƙam, bai yi gari ba.

Na miƙa mata a faranti:
kai wa na'urar taki, ai ba ta da haƙori.
Ta tauna, ta tauna. Ta zauna a kan turmi.
Ta ce a ba ta na kakata da ƙuli da gishiri.
Washegari ta tara mu, mata ashirin da ɗaya,
muna latsawa da yatsa, muna faɗa, tana rubutawa.
Da yamma ta koma wajen tsohuwar sandar nan mai cuta,
ta sake tsinkar ganye. Ta ce,
"Rabin abin da muke nema yana nan, ba mu sani ba."

Bana ta kawo wata, lamba arba'in da biyu.
Kunya uku na ba ta, kafaɗa da kafaɗa da ta kakata.
Farin ƙuda ya sauka, ya tashi, ganye bai motsa ba.

Ta ce in ya yi, ni zan raɗa masa suna.
Sunan yana nan ƙarƙashin harshena tun watan shuka.
Amma na tara ice, na wanke tukunya,
wuta ba ta faɗi nata ba tukuna,
ni ma ban faɗa wa kowa ba.