Ƙurar da Na Kai Gida

Gida mai lamba sha tara, titin Carey, Baltimore.
Taga bakwai, kowace da fenti hawa shida:
kore kan fari, fari kan ruwan ƙwai,
can ƙasa wani toka-toka mai nauyi
wanda ya girmi kakata.

Lucius Pruitt ya ba mu kwana uku.
Ya ce ledar shimfiɗa ta yi tsada,
takunkumi yana cikin mota,
motar kuwa ta tafi ɗauko tsani.
"Ku kankare a bushe, ya fi sauri."
Na san ƙa'ida: a gwada bango kafin a taɓa shi,
a jiƙa, a toshe ƙofa, a tuɓe kaya a nan.
Na sani sarai.
Mai gidan haya ma ya san ƙofata.

Ba wanda ya gaya mini dalma na da zaƙi.
A harshe na ji,
na haɗiye da burodin rana.

Da yamma Odessa takan rugo,
shekara biyu, haƙora kamar shinkafa,
ta rungume ƙafata, ta cusa fuska a wandona.
Ni kuwa in ɗaga ta sama,
farin gari na zuba daga gashina
muna dariya.

Ranar Talata aka bugo daga asibiti.
Matar ta faɗi wata lamba. Ban gane lambar ba,
muryarta na gane.

Mai bincike ta zo, ta duba bangonmu, lafiya.
Famfo, lafiya. Ƙasar bayan gida, lafiya.
Sai ta ce in buɗe mota.
Ta goga ɗan tsinken gwaji a kujerar yarinya,
ya yi ja.
Ba ta dube ni ba. Na gode mata da haka.

Pruitt ya biya tara, ya sauya suna a jikin motarsa.
Odessa na kiran cokali "wannan",
tana kiran wata "wannan".
Likita ya ce mu jira, mu riƙa yi mata karatu.

Yau wani gida ne, titin Mosher.
Sabon yaro, Tavon, ya rataye takunkumi a wuya
kamar sarƙa, wai zafi.
Na kashe injin. Na zauna kan bokiti.
Na tambaye shi wa ke tarbarsa a ƙofa
in ya koma.