Inda Ake Yanka Kalma

Hansatu ta kira bayan isha'i
daga Trondheim, inda ta ce har yanzu rana ba ta faɗi ba.
Na hau dutsen gindin rumbu,
don duk gidan nan, a nan kaɗai waya ke kamawa.
Awaki suka ɗago suna kallona.

Ta ce, Baba, yau mun yi gardama a aji
kan kalma guda, eksempel,
misali ke nan a bakinsu.
Layi ya ƙare mini, na yanka ta: ek, na sauko da sempel.
Ta kusa da ni ta ce ban yi daidai ba,
eks ne, sannan empel,
don eks baƙo ne daga Latin,
da kayansa ya zo, ba a ƙwace masa harafi a bakin ƙofa.
Malamar ta ce, ke kin bi kunne, ita ta bi asali,
ku zauna.

Na ce, ƙaro wata.
Ta ce, adoptere.
A takarda ad ne aka ɗaura wa gaba,
amma baki ba ya tsayawa a kullin:
a, dop, te, re.
Kuma te ake dannawa,
nan taɓarya ke sauka.
Sai dai tsohon da ke sayar musu da dankali daga ƙauye,
shi kan farko yake dukanta,
sauran gaɓoɓin su biyo a guje kamar 'yan tsaki.
Na ce, gai da shi, wannan namu ne.

Shekara talatin da ɗaya na yi a firamaren Kirikasamma
ina sa yara tafi suna ƙirga gaɓa,
har alli ya cinye mini farcen yatsa.
Na ce, Hansatu, tafa mini lafiya.
Na ji tafi uku daga wata duniya,
na ukun ya makara a hanya.

Na ce, to wannan lam ɗin na farko ba nata ba ne.
Al ce ta Larabawa, rakiya ta yi mata.
Muka haɗiye alif, muka bar lam a manne,
haka labari, haka laifi, haka lissafi, haka lahira.
Alƙali da alkama su suka shigo da rawaninsu cikakke.
Je ki kasuwa ki ce wa Tabawa mai daddawa
lafiyar da take amsawa tun asuba ɗinki gare ta,
ta nuna miki ɗinkin in ta gani.

Ta yi dariya, sannan ta yi shiru.
Ta ce, ba ka tambayi ma'anar ta biyun ba.
Na ce, faɗi.
Ta ce, ɗaukar ɗan wani ka riƙe, ya zama naka.

Kwaɗi na ta kuka a fadama.
Na tuna daminar da ruwa ya ci ƙanena Isiyaku,
aka miƙo mini ita a zanen uwarta,
ba ta iya haɗa gaɓa biyu ba.
Ba, ta ce. Bayan sati ta ƙara ba.
Ban taɓa gaya mata inda aka yi kullin ba,
mutanen gari suka gaya mata,
ba ta taɓa tsayawa a wurin ba.

Na ce, ki bi kunne.
Masu asali ma suna da gaskiya, amma ki bi kunne.

Ta ce, to Baba, kati na ƙarewa,
ka gai da Inna, sai da sa

Shi ke nan. Waya ta mutu a hannuna.
Na tsaya kan dutsen, sauro na cin idon sawuna,
na ce fe,
ni kaɗai da awaki.
Ko ba komai, a kan gaɓa ta yanke.