Ramin da ke Rufi

A ƙarƙashin tsohuwar masaƙa a birnin Brno,
inda taragon titi ke girgiza mana bango,
nake karɓar sababbin hannu ran Asabar.
Yau huɗu ne.
Radim mai gasa burodi, da sauran gari a farce,
Vendula 'yar jinya, ta kwana tsaye a asibiti,
sai tagwaye, Kvido da Hynek,
masu dariya tun ba a ce komai ba.

Ban buɗe akwati ba tukuna.
Na ce su ɗaga kai.
Can kusa da bututun ruwa
akwai rami, bai fi ƙwayar gyaɗa ba.
Aikina ne, shekara talatin da ɗaya ke nan.
Ranar har rantsuwa na yi babu harsashi a ciki.
Kunnena na hagu bai yafe mini ba har yau.

Dariyar tagwaye ta koma ciki.

To, ku saurara.
Bindiga ba ta san uban gidanta ba.
Ko ni na miƙo na ce fanko ce,
kar furfurata ta ruɗe ku:
zare gidan harsashi, ja baya, leƙa,
in ka gama leƙawa ka sake leƙawa.
Bakinta ya tsaya yana kallon tudun yashi,
ko ana kiran sunanka daga baya.
Yatsa ya kwanta a gefe, miƙe sambal,
sabo da kunama ba ya hana harbi.
Kafin ka tambayi takarda ina tsakiyarta,
tambaye ta wa ke bayanta.

Vendula ta sa tabarau, ta toshe kunne.
Hannunta na rawa, ta ce ko ta bari?
Na ce rawar nan ita nake nema,
wanda ba ya yin ta shi nake tsoro.
Ware ƙafa. Hannu biyu.
Riƙe kamar kina gaisawa da wanda kike girmamawa.
Saki rabin numfashi,
matsa a hankali, kar ki fizga.

Tau!
Kwanso ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin benci.
Ta kuskure baƙin da taƙi guda,
amma ta zare, ta leƙa, ta sake leƙawa,
ta ajiye ta buɗe, baki na gaba.

Hynek kuwa tsakiya ya huda.
Murna ta ɗebe shi,
ya fara juyowa wajen ɗan'uwansa da ita a hannu.
Tafina ya riga shi isa, na tare damtsensa.
Ban yi tsawa ba.
Sama kawai na nuna masa.
Ya daɗe yana kallo.

Da yamma na share kwansuna, na ƙirga, na kulle.
Radim ya bar mini burodi a kan teburi.
Mai ginin ya sake tare ni a matakala,
wai cokali ɗaya na siminti ya isa ramin nan.
Na ce masa ya bari.
Mu biyu ke koyarwa a nan,
kuma shi aka fi ji.